Al'ul Mai Shuɗin Ganye na Duwatsun Atlas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shuka Shi a Lambu

Duk wanda ya taɓa yawo a tsofaffin lambunan Ingila ko Faransa, ko unguwannin masu hali a Amurka, da wuya a ce bai ci karo da wani dogon itace mai launin toka da shuɗi-shuɗi ba, rassansa a shimfiɗe hawa-hawa kamar an jera faya-fayai. Yawancin mutane suna ɗauka ɗan Turai ne, alhali ɗan Afirka ne, daga duwatsun Maroko da Aljeriya aka kai shi can. Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwa suka fi yi mini a kansa, wasu mazauna ƙasashen sanyi, wasu kuma na gida da suka ga hotonsa a waya ya shiga ransu.

Wane itace ne wannan, kuma yana da suna da Hausa?

Masana tsirrai suna kiransa Cedrus atlantica, irin mai shuɗin kuma ana ƙara masa laƙabin Glauca. Larabawa suna ce wa dangin gaba ɗaya arz. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun sa masa al'ul, kuma da wannan sunan zan ci gaba da kiransa. Dangin huɗu ne: na Lebanon, wanda hotonsa ke tsakiyar tutar ƙasar, da na tsibirin Saifurus, da na duwatsun Himalaya da ake kira diyoda, sai wannan na Atlas.

A gidansa na asali yana fitowa ne a kan tsaunuka, daga kimanin mita 1,300 zuwa 2,200 sama da teku. Yakan kai mita 30 zuwa 35, wani lokaci har 40, kaurin gindinsa kuma ya kusa mita 2 daga gefe zuwa gefe. Ganyensa sirara ne kamar allura, tsawonsu bai wuce santimita 2 da rabi ba, suna fitowa tuntu-tuntu a kan gajerun rassa. Ba ya kaɗe ganye, rani da damina yana nan da rigarsa.

Shuɗin nan na gaskiya ne, ko masu sayarwa ne ke yi masa feshi?

Na gaskiya ne. Wani siririn kaki ne ke lulluɓe da kowane ganye, shi ke kare shi daga zafin rana da bushewar iskar tsauni. Ka murza ganye ɗaya tsakanin yatsunka, shuɗin zai goge, kore ya bayyana a ƙasa. Shi ya sa sabon toho ya fi haske, kuma itacen da ke shan rana sosai ya fi wanda ke inuwa shuɗi nesa ba kusa ba.

A kula da abu ɗaya. Magungunan ƙwari masu mai a cikinsu suna narkar da kakin nan. Mutum ya fesa da yamma, da safe ya tarar da itacensa ya koma kore. Ba ya mutuwa, amma ganyen da ya goge ya goge ke nan, sai an jira sabon toho.

Malam, ni a Kano nake. Zai yi a gidana?

Ba zai yi ba, kuma gara in faɗa maka gaskiya tun kuɗinka suna aljihunka. Amsar ɗaya ce ga na Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram.

Mutane sukan ce ai itace ne mai jure fari, mu kuma fari muke fama da shi, me zai hana? Jure farin gaskiya ne, amma farin Atlas daban, namu daban. A can ruwa da dusar ƙanƙara suna sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Itacen yana yin barci a cikin sanyin, ya farka ya yi toho da ruwan ƙanƙarar da ta narke, sannan ya shiga rani busasshe wanda ko da rana ta yi zafi, dare yana da sanyi saboda tsauni ne. Garin Ifran, da ke tsakiyar dazukan al'ul na Maroko, shi ke riƙe da tarihin sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a nahiyar Afirka: digiri 23.9 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935. Wannan ita ce unguwar da itacen ya tashi a ciki.

Mu kuma komai a juye yake. Watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, dare ma ba sauƙi. Da damina ta faɗi sai zafi ya haɗu da laima, ƙasa ta jiƙe tana ɗumi, kuma babu abin da saiwar al'ul ta tsana kamar haka, nan da nan take ruɓewa. Hunturunmu, duk da ƙorafin da muke yi a kansa, bai kai sanyin da zai sa itacen ya yi barcin da yake bukata ba. Ko an sa shi ƙarƙashin rumfa ana lallaɓa shi, abin da za a samu shi ne tsiro mai ciwo, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana raguwa har ya tafi.

To Jos fa, ko Mambila?

Nan ne tambayar ta fara yin ma'ana. Jos tana kan kimanin mita 1,200, Mambila ta fi ta tsayi, kuma an daɗe ana dasa itatuwan fayin, 'yan'uwan al'ul masu ganye kamar allura, a kan tudun Jos suna girma. Sai dai tsayin wuri yana rage zafi ne kawai, ba ya juya lokutan shekara. Ruwan Jos da na Mambila na damina ne, mai yawa kuma, babu kuma watannin ƙanƙara. Wanda ya nace zai gwada, ya ɗauki abin a matsayin gwaji: ya dasa a kan gangare mai tsakuwa inda ruwa ba ya kwana, kada ya kashe kuɗin da zai yi baƙin cikin rasa su. Ni da za a bi tawa, da diyoda za a fara, domin ya fito daga duwatsun da suka san ruwan lokacin zafi, kuma cikin dangin shi ya fi haƙuri da ɗumi da laima.

Idan launin nake so, akwai abin da zai maye gurbinsa a ƙasar zafi?

Akwai, kuma mai kyau ne ƙwarai. Wani dabinon ado ne ɗan asalin Madagaska mai suna Bismarckia, ganyensa faffaɗa kamar mafici, launinsa toka mai shuɗi irin wanda ake nema a al'ul. Ɗan'uwan goriba da giginya ne, don haka rana ba ta ba shi tsoro. Shi ma yana son fili, ganye ɗaya kan yi faɗin mita biyu ko fiye, kuma ba ya son a tone shi bayan ya kama.

Ina zaune a Ingila, ina da ɗan lambu a bayan gida. Na ga ana sayar da shi a tukunya, bai fi tsayina ba. In saya?

Hajiya, kafin ki saya ki ɗauki igiya ki auna lambun. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, domin yawancin al'ul ɗin da ake sarewa a gidaje ba cuta ce ta kashe su ba, wurin da aka sa su ne ya yi musu kaɗan.

Abin da kika gani a tukunya jariri ne. Siriri, rassansa tsilla-tsilla, har mutum ya ji tausayinsa ya raɓa shi kusa da bango. Shekara biyu ko uku na farko kamar ba ya motsi, yana can yana aikin saiwa. Daga nan sai ya fara ƙara santimita 30 zuwa 60 kowace shekara. Cikin shekara ashirin ya wuce rufin bene, rassan ƙasa sun miƙe sun rufe taga. Idan ya manyanta faɗinsa kan kai mita 10 zuwa 12, tsofaffi ma sun fi haka, kuma yana iya rayuwa ɗaruruwan shekaru. A filin fadar shugaban Amurka akwai guda ɗaya wanda girmansa ya kai shugaban ƙasar na lokacin, Jimmy Carter, ya tsara wa 'yarsa ɗakin wasa na katako a cikin rassansa a 1977.

Ga ma'aunin da nake bayarwa: aƙalla mita 10 tsakaninsa da gini, da katangar maƙwabci, da wayar lantarki, da bututun ruwan ƙazanta. Idan lambunki bai ba da wannan ba, ki haƙura da babban irin. Kyan al'ul yana cikin rassan nan na ƙasa da ke shimfiɗuwa har su kusa taɓa ciyawa. Ranar da aka fara yanke su don mota ta samu wurin wucewa, an fara ɓata shi. Na sha ganin waɗanda aka yi wa haka, an daddatse gefe guda an bar gefe guda, kuma duk sanda na gani sai raina ya ɓaci, domin itacen bai yi laifin komai ba.

Masu ƙaramin fili suna da mafita. Akwai iri mai tashi tsaye ba ya baza rassa sosai, ana kiransa Fastigiata. Akwai Horstmann, mai jinkirin girma da cikar ganye. Sai kuma mai zubowa.

Shi mai zubowar fa, wanda rassansa ke sauka kamar labule?

Glauca Pendula ke nan. Asalinsa itace ɗaya ne tak, wanda ya fito da wannan hali a wurin wani mai renon itatuwa a Châtenay-Malabry, kudu da birnin Faris, a ƙarshen ƙarni na 19. Uwar tana nan da ranta a lambun Vallée-aux-Loups, an tallafe rassanta da ginshiƙai, ta rufe fili kusan murabba'in mita 700. Duk wanda ka gani a duniya daga jikinta aka samo shi ta hanyar aure.

Shi wannan ba ya tashi sama da kansa. In ka bar shi, rarrafe zai yi a ƙasa. Kai ne za ka kafa masa ƙarfe ko sanda mai ƙwari, ka riƙa ɗaure kan da tsumma mai laushi yana bi har ya kai tsayin da kake so, sannan ka sake shi ya zubo. Wasu suna bi da shi kan ƙofar lambu, wasu su ja shi a kan katanga, wasu su lanƙwasa shi kamar maciji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba misali ba ce: reshen bana yana lanƙwasuwa a hannu, na shekara uku sai dai ya karye. A riƙa duba ɗaurin sau biyu a shekara, domin igiyar da aka manta da ita tana nutsewa cikin ɓawo ta shaƙe reshen.

Kada dai a ɗauka ƙarami ne. Tsayin nasa yana hannunka, amma faɗin yana ci gaba kowace shekara.

Wace irin ƙasa yake so, kuma yaya ake dasa shi?

Ba mai tsirfa ba ne. Jigawa, tsakuwa, ƙasa mai farar ƙasa, duk yana ɗauka, domin a Atlas ma a kan duwatsu yake. Sharaɗinsa ɗaya: kada ruwa ya kwanta. Ka haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ka cika shi da ruwa da yamma. In da safe ka tarar da ruwa a ciki, wurin bai dace ba. Mai laka a lambunsa ya tara tudu mai faɗi, tsayin kamu ɗaya ko biyu, ya dasa a kai.

A wuraren da sanyi bai tsananta ba, kamar kudancin Ingila da yawancin Faransa, Oktoba da Nuwamba sun fi, ƙasa tana da sauran ɗumi kuma ruwan sama zai tayaka. Inda ƙasa ke daskarewa, a bari sai Maris ko Afrilu. Idan ya kafu yana jure sanyi har wajen digiri 20 ƙasa da sifili, amma ƙarami yana wahala da iskar hunturu mai bushewa, don haka a nema masa wurin da ke da kariya daga iska, ba daga rana ba.

Ramin ya ninka faɗin tukunyar sau biyu ko uku, amma kada ya fi ta zurfi. Wurin da gindi ya fara buɗewa ya zama saiwa, nan ne ya kamata ya yi daidai da fuskar ƙasa. Binne wuyan itace kisa ne a hankali, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi. Idan saiwa ta nannaɗe a cikin tukunya, a warware ta da hannu. A mayar da ƙasar da aka tono, ba sai an cika ramin da taki ba. A kafa turke, a ɗaure sako-sako yadda zai ɗan yi rangaji, a cire bayan shekara biyu. A zuba ɓawon itace kewaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin.

Ka sayi ƙarami, wanda bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Al'ul yana da doguwar saiwa mai nutsewa, ba ya son ƙaura, kuma sau da yawa ƙaramin yakan kamo babban da aka saya da tsada cikin 'yan shekaru.

Ban ruwa da taki fa?

Rani biyu na farko, a ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako idan ba a yi ruwan sama ba, bokiti biyu ko uku a hankali har ya nutse. Yayyafin kullum ba ya amfaninsa. Bayan ya kafu a ƙyale shi, sai in fari ya yi tsanani. Taki kuwa da wuya ya bukace shi, kuma takin zamani mai yawa yana sa shi yin dogayen rassa marasa ƙwari. In akwai na'urar ban ruwan ciyawa da ke tashi kowace safiya, a kawar da ita daga gindinsa.

Zan iya datse kansa don kada ya yi tsawo?

A'a. Kai ɗaya yake da shi, shi ke jan siffar itacen duka. In ka yanke, rassa uku ko huɗu za su taso suna gasa, dukansu da rauni a mahaɗa, iska ko nauyin ƙanƙara ya tsage su. In ka ga ƙarami ya yi kai biyu, ka cire ɗaya tun yana siriri. Ban da wannan, sai busasshe da karyayye. Kuma kada a yanke reshe har a wuce inda ganye yake, domin tsohon icce tsirara da wuya ya sake toho.

Ganyen nawa yana canja launi yana zuba. Mutuwa zai yi?

Ka duba inda abin yake. Idan ganyen ciki ne, kusa da gindi, suka yi rawaya suka zuba, bakin rassa kuma lafiya lau, tsufa ne kawai. Kowane ganye yana da 'yan shekarunsa.

Idan bakin rassa ne suka koma ruwan hoda a farkon rani, daga baya suka yi ruwan ƙasa suka zube, to wannan abin damuwa ne. Wata cutar fumfuna ce mai suna Sirococcus tsugae, wadda aka fara ganinta a Birtaniya wajen 2013, kuma al'ul na Atlas yana cikin waɗanda ta fi kamawa. Laima da yawan ruwa ke yaɗa ta. A yanke rassan da suka kamu a ranar da gari ya bushe, a share ganyen da ya zuba a fitar da shi daga lambun, a goge almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa wani itacen.

Idan kuma itacen gaba ɗaya ne ya dusashe, ya yi fari-fari kamar mai jin ƙishi alhali ƙasa a jiƙe take, matsalar tana saiwa. A daina ban ruwa nan take, a tone kewayen wuyan a ga ko an binne shi. Sau da yawa a wannan matakin an makara.

Akwai kuma darɓa, irin wadda manoman gyaɗa suka sani. Ƙwarin suna tsotsar rassa suna zubar da ruwa mai danƙo, baƙin fumfuna ya hau kai, duk abin da ke ƙarƙashi ya yi maiƙo. Ƙaramin itace a wanke shi da ruwa mai ƙarfi daga tiyo. Babba kuwa yakan shanye abinsa. Mazauna kudancin Faransa da Sifen da Italiya su kula da wasu tsutsotsi masu gashi da ke tafiya a jere kamar ayari: gashinsu yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, kuma haɗari ne ga yara da dabbobin gida.

Wani gari mai ruwan ɗorawa yana rufe mini mota a watan Oktoba. Daga itacen ne?

Daga shi ne. Bununinsa ne. Yawancin itatuwa suna sakin nasu a farkon shekara, shi kuwa sai Satumba da Oktoba, daga wasu 'yan zangarniyoyi da ba su fi ɗan yatsa ba. Alama ce ta itacen ya balaga. Kwanson irin kuma yana zaune ne a tsaye a kan reshe kamar ƙaramar ganga, ba ya faɗowa ɗungurungum, a can sama yake wargajewa ɓawo-ɓawo.

Zan iya tsirar da shi daga iri?

Za ka iya, kuma akwai daɗi. A jiƙa irin kwana ɗaya, a sa shi cikin yashi mai danshi a firji mako uku ko huɗu, sannan a shuka a tukunya mai zurfi. Sai dai 'ya'yan ba lalle su gaji uwar ba, wasu su fito shuɗi, wasu kore, wasu tsaka-tsaki. Wanda ke son tabbacin launi ya sayi mai aure, kamar yadda mai son mangwaro mai kyau ba ya dogara da ƙwallo. Galibi a kan gindin diyoda ake yin auren. In ka ga wani reshe mai dogon ganye kore ya fito ƙasa da mahaɗar, na gindin ne, ka cire shi kafin ya fi ƙarfin na sama. Yankan reshe a kafa a ƙasa kuwa da wuya ya yi saiwa.

A tukunya fa, a baranda?

Na 'yan shekaru, e, musamman ƙananan irin. Tukunya mai zurfi, ramuka da yawa a ƙasa, ƙasa mai haɗe da tsakuwa. Masu fasahar bonsai ta Japanawa suna riƙe shi shekaru da dama a ƙaramin kasko, amma da askin saiwa a kai a kai. A waje zai zauna, har da lokacin sanyi. Falo mai na'urar ɗumama ɗaki yana kashe shi.

Ina zan je in gan shi a inda Allah ya halicce shi?

Masu zuwa ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas sun fi kowa sa'a, sai dai yawancinsu ba su sani ba. Daga Fas zuwa Ifran kimanin kilomita 65 ne, daga nan zuwa Azru bai kai 20 ba, kuma tsakanin garuruwan biyu dajin al'ul ne, da birai marasa wutsiya suna zaune a bakin hanya. Tun a cikin Fas ma ka riga ka gan shi: sassaƙaƙƙen katakon da ke tsofaffin makarantun Bu Inaniyya da Attarin na al'ul ne, ya yi shekara kusan ɗari bakwai yana nan. A Aljeriya akwai shi a gandun Theniet El Had da Chréa da Belezma. Daga can Faransawa suka ɗebi iri a shekarun 1860 suka shuka a Dutsen Ventoux da Luberon a kudancin Faransa, yanzu ya zama daji mai haihuwar kansa.

A dajin za ka lura cewa ba duka ne shuɗi ba, akwai kore shar, akwai mai ruwan azurfa, a cakuɗe. Za ka kuma ga matattu a tsaye, fari fat ba ɓawo. A 2013 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Fari mai maimaituwa ya yi masa ɓarna, musamman a duwatsun Auras na Aljeriya da ke fuskantar Sahara, ga sara, ga gobara, ga awaki da tumaki da ke cinye ƙananan tsiro kafin su kai gwiwa, makiyaya kuma suna sassabe rassa su ba dabbobi idan ciyawa ta ƙare. In ka je tsakanin Disamba da Fabrairu ka tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe, domin ƙanƙara kan toshe hanyar Azru a wannan lokacin.